Mai Riƙe wa Makau Waya

Nafi'u Gwadabe ɗan Anka ne, a wani gida da ke bayan kasuwa aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Gwadabe, mai gyaran rediyo ne, saboda haka cikin ƙarar rediyoyin mutane ya tashi. Uban ya so ya koya masa riƙon sukundireba, amma hankalin Nafi'u ba a cikin akwatin yake ba, yana wajen mutanen da ke magana a ciki. Tun yana sakandare ya gama yanke wa kansa cewa shi ma wata rana sai an ji muryarsa.

Bayan sakandare ya tafi Kano karatun aikin jarida. Ranar farko da aka ba shi takarda ya karanta labari a gaban aji, ya buɗe baki ya ce, "Shugaban ƙaramar hukuma yat tahi Gusau." Ajin ya kwashe da dariya. Malamin bai yi dariya ba, ya dai ce masa idan yana son gidan rediyo ya ɗauke shi, to ya gyara harshensa. Nafi'u ya ɗauki maganar da zafi. Shekara biyu yana faɗa da bakinsa, har sai da ya zama idan yana magana ba mai cewa daga yamma ya fito. Da ya dawo gida, mahaifiyarsa Inna Dija ce kaɗai ba ta lura da wani ci gaba ba. Ita dai har gobe Nahi'u take kiransa.

Wani gidan rediyo a Gusau ya ɗauke shi a matsayin wakilinsu na Anka, Gummi da Bukkuyum. Yana cikin shekararsa ta biyu, a 2010, aka fara jin cewa yara na mutuwa a ƙauyukan masu haƙar zinari. Daga baya likitoci suka gano gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun da ake kaiwa gida ana daka ana niƙa. Nafi'u ya hau kabu-kabu ya nufi ƙauyen Dareta da rakodarsa a aljihu.

A can ya tarar da wani magidanci zaune a ƙofar gidansa, hannuwansa a kan gwiwa. Sunansa Makau, mai injin niƙan dutse. 'Ya'yansa biyu, Uba da Iyatu, sun rasu cikin kwana tara. Nafi'u ya yi masa gaisuwa, ya kunna rakoda, ya tambaye shi wa yake ganin ke da laifi.

Makau ya ce, "Ɗan jarida, da hannuna nika kawo dutsen nan gida. Babu wanda yat tilasta ni. Uwassu tana daka, su suna wasa gindin turmi. Wa zan ce?"

Wannan muryar ce ta ɗaga Nafi'u. Gidan rediyonsu ya sa ta sau uku a rana ɗaya, manyan tashoshi suka nemi a ba su, kuma ko'ina aka sa ta sai an ambaci sunan wakilin da ya ɗauko. Aka ƙara masa girma. Shekaru da yawa bayan haka, duk inda 'yan jarida suka taru sai ya ba da labarin tafiyarsa Dareta. Amma bai sake komawa ya ga yadda Makau ya ƙare ba.

A 2019 ya bar rediyo. Sau uku yana kawo rahoto kan makarantun ƙauye da aka rufe, sau uku manajansa na cewa a dakata tukuna. A na ukun ya ajiye katin aikinsa a kan tebur ya fito. Inna Dija ta riƙe baki da ta ji.

"Nahi'u, aikin albashi kab bari, don ka koma latsa waya?"

Ya kama shago a gaban tashar mota ta Anka, ya ɗora sola a rufi, ya sayi waya mai kyau da ƙafar da ake kafa ta, ya buɗe shafi a Fesbuk da Yutub, ya sa masa suna Amon Yamma. Lubna, 'yar kawunsa da ta karanta kwamfuta a Gusau, ita ke tace bidiyo. Shi kuma kullum da hantsi ya zauna gaban waya cikin kaftani mai guga, ya karanta labaran yankin da Hausar nan tasa da ya sha wuya a kanta. Ba ya sa labari sai ya tabbatar da shi, kuma mutane suka gane haka. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar a 2021, yakan tara rahotanni ya tsallaka iyakar Sakkwato ya ɗora su, ya juyo. 'Yan yankin da ke zaune Legas da Kaduna da Abuja a wajensa suke jin halin da gida ke ciki. Wannan ne lokacin da ya fi yi masa daɗi a rayuwarsa. Masu shaguna suka fara kawo talla, shafin ya tsaya da ƙafarsa.

Wata Talata a farkon 2022, wani dattijo mai furfura a gemu ya leƙo shagon da ƙaramar waya a hannu. Ya ga sola a rufi, ya zaci wurin caji ne. Nafi'u na shirin sallamarsa sai dattijon ya ƙura masa ido.

"Ba kai na ba, ɗan jaridan da yaz zo Dareta?"

Makau ne. Rashin tsaro ya taso shi da iyalinsa, suna zaune gidan wani ɗan'uwansa a Anka, yana gyaran injinan niƙa. Nafi'u ya ji daɗi ƙwarai, nan take kuma ɗan jaridan da ke cikinsa ya ga labari: mutumin Dareta bayan shekara goma sha biyu. Ya zaunar da shi gaban waya, ya ce minti biyar kawai.

Minti arba'in Makau ya yi yana magana. Ya faɗi yadda yake rigima da duk wanda ya gani ɗauke da buhun dutse zai shiga gida. Ya faɗi yadda yake tsare masu niƙa su yi wanka su sake tufa kafin su taɓa 'ya'yansu. Ya ba da labarin wani maƙwabcinsa da ya sayar da sa ya sayi buhunan ƙasa, aka wanke aka wanke ba a samu ko ƙwayar zinari ba, matarsa ta ce to a jiƙa ƙasar ya ja garma da ita. Lubna tana bayan waya tana toshe baki don dariya, can kuma da ya zo kan Uba da Iyatu sai ga ta tana share ido da gefen hijabi.

Cikin kwana uku, waɗanda suka kalli bidiyon sun fi duk waɗanda suka kalli labaran Nafi'u na wata guda. Saƙonni suka yi ta shigowa, duk magana ɗaya: a dawo mana da Baba Makau. Nafi'u ya ware masa shiri duk Asabar, suka yi yarjejeniyar abin da zai riƙa samu. A watannin farko murna yake yi, yana cewa ai shi ya gano shi.

A gida abin ya fara taɓa shi. Wata Asabar da la'asar ya je gaida Inna Dija, ta miƙo masa wayarta.

"Nahi'u, sa min Makau."

Shekara uku da buɗe shafin, ba ta taɓa cewa ya sa mata labaransa ba. Ya tambaye ta cikin wasa, ko shi ba ta son nasa ne.

"Ina so mana. Amma kai in kana magana awa mutanen Kano, sai na kasa kunne ƙwarai. Shi ko awa muna zaune tsakar gida."

Ya sa mata. Ya zauna gefe yana kallon yadda take girgiza kai tana cewa, "Gaskiya tai, wallahi gaskiya tai." Tuwon da ta ajiye masa bai ci rabi ba.

Bayan sati biyu ya je kasuwar Gummi ɗauko rahoto. Yana ratsa layin masu hatsi sai wani ɗan dako ya nuna shi ya ɗaga murya.

"Jama'a, ga mai riƙe ma Makau waya!"

Mutane suka taso suna miƙo hannu, kowa na cewa a gaida Baba. Babu mai nufin cin fuska a cikinsu, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Nafi'u ya yi ta murmushi yana amsawa. A mota kan hanyar komawa ya riƙa maimaita kalmar a ransa. Shi da ya yi karatu a Kano, ya yi shekara goma a rediyo, ya tsallaka iyaka da rahotanni lokacin da kowa ke tsoron hanya, yau shi ne mai riƙe waya. Kuma wa yake riƙe wa? Mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko.

Daga nan ya fara sa hannu a shirin. Gabatarwarsa ta ƙara tsawo. Yakan katse Makau a tsakiyar zance ya ce, "Wato abin da Baba ke nufi," ya sake faɗin maganar da tasa Hausar. Idan Makau ya kawo wani labari mai daɗi, sai ya ce wa Lubna a yanke, ya yi tsawo.

Wata rana Lubna ta cire abin kunnenta ta juyo.

"Yaya, gabatarwarka minti bakwai ce, hirar duka minti goma sha biyar. Ka karanta abin da mutane ke rubutawa kuwa?"

Ya karanta, kullum ma yana karantawa. "A matsa gaba a kawo Baba." "Malam Nafi'u, don Allah ka bar shi ya yi magana." Ya ce mata shafin jarida yake gudanarwa, ba dandalin hira ba.

Har ya gwada wani abu da bai taɓa zaton zai yi ba. Wata safiya ya karanta labarai da harshen gida, yana "munka" yana "sunka". Bakinsa ya riƙa yi masa nauyi, kamar mai tafiya da takalmin wani. Masu sharhi suka ce yau Malam Nafi'u kwaikwayon Baba Makau yake yi. Harshen da aka haife shi a ciki, an ce aro ya yi. Bai sake gwadawa ba.

Shi kuwa Makau bai san ana yi ba. Duk Asabar zai zo da sassafe, ya jingine kekensa, ya gaida kowa. Wani lokaci ya zo da gyaɗa a leda ya ajiye wa Nafi'u. Idan aka gaya masa yawan waɗanda suka kalle shi, sai ya ce, "To, Allah shi sa su ji," ya tambayi ko an gama ya koma wajen inji. Wannan rashin damuwar ma haushi take ba Nafi'u. Abin da shi ya yi shekaru yana nema, an zuba wa mutumin da ko waiwayarsa ba ya yi.

A tsakiyar 2023 saƙo ya shigo shafin daga wata ƙungiya da ke shirya taro a Abuja kan lafiyar yara a ƙauyukan masu haƙar ma'adinai. Sun ga shirin, suna gayyatar Malam Makau ya zo ya yi wa mahalarta magana. A ƙarshen saƙon suka gode wa shafin, ba su ko ambaci sunan mai shi ba.

Kwana biyu Nafi'u yana buɗe saƙon yana rufewa. A na uku ya rubuta musu cewa dattijon ba shi da lafiyar doguwar tafiya, amma shi da ya fara ɗauko labarin tun 2010 zai iya zuwa a madadinsa. Suka amince. Ya ce wa Lubna taron 'yan jarida ne.

Abuja ba ta ba shi abin da ya je nema ba. Ya yi jawabinsa tsaf, aka tafa masa na ladabi. Sannan aka kashe fitilu aka haska Makau a babban allo, da fassara a ƙasa. Ɗakin ya yi tsit, can aka yi dariya, can wata likita ta cire tabarau tana goge ido. Da aka tashi shan shayi, duk wanda ya zo wajen Nafi'u tambaya ɗaya yake yi: yaya jikin Baba?

Kwana huɗu da dawowarsa, da hantsi, Makau ya shigo shago. Ba Asabar ba ce. Bai zauna ba.

"Malam Nahi'u, wata likita tak kira ni daga Abuja, wani ma'aikacin asibiti yab ba ta lambata. Tana yi min sannu da jiki. An ce ban da lahiya."

Lubna ta daina abin da take yi. Nafi'u ya fara cewa ai hanya ce ba kyau, ya yi tunanin wahala, kuma taron da Turanci ake yi. Makau ya bar shi har ya gama.

"Ni ba Abuja nika so ba. Mi zan yi da Abuja? Amma ina da ɗiya, Kausar. Tana goye sadda yayyenta sunka rasu. An yi mata magani ta rayu. Yanzu shekarunta sha huɗu, in ka aike ta sayen gishiri sai ta mance kahin ta kai. Ba ita ɗai ba, suna da yawa. Na daɗe ina son in ga manyan likitoci ido da ido, in tambaye su ko akwai abin da za a yi ma irinsu. Tambayar kenan."

Nafi'u bai san da Kausar ba. Shekara ɗaya da rabi suna zama duk mako, bai taɓa tambayarsa wa ya rage masa ba.

"Baba, ba ka taɓa faɗa ba."

"Ba abin hwaɗi ga waya ba ne. Budurwa ce, wata rana aure za ta yi."

Ya yi musu sallama ya tura kekensa. Lubna ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta ce, "Yaya, ban taɓa jin kunyarka ba sai yau." Ta ɗauki jakarta, sai bayan sati ta dawo aiki.

Makau bai zo ranar Asabar ba, haka ta gaba. Nafi'u ya je har gida, ya durƙusa a zaure ya faɗi gaskiya, ya ce ba hanya ba ce, ba Turanci ba ne, ƙyashi ne kawai. Makau ya ce ya yafe, har ya sa aka kawo masa fura. Amma da Nafi'u ya kawo zancen shiri, ya ce a bar shi tukuna. Nafi'u ya nemi likitar nan ta Abuja a waya, ya gaya mata abin da ya yi da abin da Makau ke son tambaya. Ta haɗa su da wani asibiti a Sakkwato. Shi ya kai su da motarsa. Likitoci suka ce abin da gubar ta riga ta taɓa ba ya dawowa, sai dai a riƙa koya mata abu kaɗan-kaɗan, da haƙuri. Makau ya ce ko wannan ma ya ji daga bakin masu sani, ya gode.

Rashin shirin Asabar ya girgiza Amon Yamma. Masu kallo suka ragu, wasu masu talla suka janye. Mutane suka yi ta tambaya, Nafi'u ya ce Baba hutu yake yi. Bayan wata biyar sai ga Makau a wani sabon shafi na wani malamin makaranta a Bukkuyum mai suna Auwalu. Wayar Auwalu ba ta kai tasa ba, hoton na rawa, iska na shiga sauti, amma Auwalu tambaya ɗaya yake yi ya ja bakinsa. Nafi'u ya kalli bidiyon farko har sau uku, ransa na suya. Ya so ya samu abin kushewa. Ya samu da yawa, kuma ya san babu wanda ya damu da su sai shi.

Shafinsa bai mutu ba. Ya koma kan abin da ya iya. Lokacin da ruwa ya ci garin Gummi a damina ta 2024, kwana huɗu ya yi a can, wando a naɗe, yana bin unguwa-unguwa yana tattara sunayen waɗanda gidajensu suka rushe da inda suka fake. Mutane da yawa a wajensa suka san inda danginsu suke. Yanzu ma'aikatansa biyar, ya ƙara shago ɗaya a gefe, kuma 'yan jaridan jihar na girmama shi. Duk da haka, duk Lahadi idan Auwalu ya saki shirin Makau, Nafi'u kan duba yawan masu kallo kafin ya duba nasa. Ya sha yi wa kansa faɗa a kan haka. Har limaminsu ya taɓa tambaya, a kaikaice, kamar zancen wani abokinsa yake yi. Liman ya ce abokin ya riƙa yi wa wanda yake ƙyashi addu'ar alheri. Yana yi, wani lokaci da zuciya ɗaya, wani lokaci a baki kawai.

Kwanan baya Auwalu ya roƙe shi ya zo Bukkuyum ya koya wa ma'aikatansa yadda ake tabbatar da labari kafin a sake shi. Nafi'u ya yi kwana biyu yana neman uzuri, bai samu wanda zai iya faɗa ba, ya tafi. Ya koyar da su tun safe har azahar, bai ɓoye komai ba. A can ya tarar da Makau, an gama ɗaukar shirinsa. Suka ci shinkafa da wake a kwano ɗaya. Makau ya ce Kausar ta fara koyon saƙar hula wajen wata maƙwabciya, kuma hannunta ya fi kanta riƙe abu. Da za a tashi ya ce, "In Anka za ka, rage min hanya."

Suka kama hanya da rana tsaka, Makau a gidan gaba, gilashi a buɗe. Tun kafin su fita gari aka fara gane shi. Masu faci, masu sayar da rake, wata tsohuwa da ƙwarya a kai, kowa na ɗaga hannu yana kiran sunansa. A wani ƙauye wasu masu niƙan dutse suka tare motar, fuskokinsu fari fat da ƙura, suna son ya ga inda suka gina wurin wanka a bakin aiki. Makau ya dubi Nafi'u.

"Ka yi haƙuri, minti biyu."

Nafi'u ya gangara gefe ya kashe mota. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon yadda suka kewaye dattijon, ƙyashin nan na taso masa kamar kullum. Minti biyun suka zama ashirin. Sau uku suka tsaya haka kafin Anka, kuma sai gab da la'asar ya sauke shi a ƙofar gida, ya wuce shago, don akwai labaran gobe da bai duba ba.